Mushe a Cikin Ambulan

"Ki je ki gani da idonki," in ji Baba, bai ko ɗago kai daga rediyon da yake murɗawa ba. "Amma ki saurare ni da kyau. In kika juyo ba ki gan shi ba, ko kika tarar abin da ake faɗi gaskiya ne, maganar yaron nan ta mutu a gidan nan. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

Yaron da yake nufi shi ne Injiniya. Ba injiniyan gaske ba ne, gyaran keken ɗinki yake yi. Ni ce na laƙaba masa sunan ranar da ya tayar da keken Umma wanda ya shekara biyu a mace. Baba ya ce bai sha wahalar kai ni jami'a don in ƙare a hannun mai baƙin mai a farce ba. Shi ya sa Injiniya ya tsallaka ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, inda wani babban gidan ɗinki ya ɗauke shi aiki, ya ce shekara ɗaya zai yi ya dawo ya buɗe shagon kansa.

Wata biyu da tafiyarsa Baba ya karɓe layin wayata. Na ci gaba da kiransa a ɓoye da wayar Umma, har ranar da tasa wayar ta daina shiga. Wata uku ke nan, shiru kamar an shuka dusa.

A cikin wannan shirun Ɗan Canji ya kunno kai. Shagonsa na canjin kuɗi yana jikin na Baba a kasuwa. Yana da mota, yana da turare, yana da gaisuwa mai tsawo. Shi ne ya kawo labarin wai Injiniya ya yi aure a can, abokan harkarsa na ƙetare suka tabbatar masa.

Gwaggo, yayar Baba, aka haɗa ni da ita a matsayin shaida. Ba ta taɓa barin ƙasa ba, kuma ba ta ɓoye ɓangaren da take.

"Ni dai rakiya ce tawa," ta ce tana ɗaure kaya. "In je in ga amaryar mai keke, in yi mata barka, mu dawo ki auri mutumin kirki."

Da asubar tafiyar, Ɗan Canji ya same mu a tasha. Tun jiya Gwaggo ta kai masa abin da na tara daga koyar da yara darasin yamma, don ya mayar mana da shi kuɗin can. Ya miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa, an naɗe shi da salatif ta ko'ina.

"Kada ki buɗe sai kin isa bakin iyaka," ya ce a tausashe. "Hanyar nan akwai masu ido. Ban ci ko kwabo a kai ba."

"Ka ji ɗan albarka!" in ji Gwaggo. "Ke Malama Shiru, ba za ki ce an gode ba?"

Na ce an gode. A gida haka suke kirana, don bakina yana da nauyi. Amma idona ba shi da nauyi. Na lura tankin motarsa a cike yake har mai ya tsiyayo ta murfi, ga jakar tafiya a kujerar baya.

Awa tara muka yi a cikin bas. Gwaggo ta yi barci, ta farka, ta yi faɗa da yaron mota a kan taga, ta raba burodinmu da duk wanda ya kalle ta. Ni kuwa hannuna yana kan jaka, inda ambulan yake tare da ɗan katin gidan ɗinkin da Injiniya ya aiko mini tun farkon zuwansa. Na karanta adireshin har na haddace.

Ƙarfe biyu da rabi direba ya taka birki.

"Nan ne iyakata! Kowa ya sauka. Ku buga hatimi, ku taka da ƙafa zuwa waccan ƙofar. Ƙarfe biyar ake rufewa, kuma gobe da jibi ba aiki. Wanda ya makara, shi da sauro."

Namu ɓangaren bai ba mu wahala ba. Sai muka taka zuwa wata doguwar rumfar kwano mai tagogi uku, inda ake biyan kuɗin shiga da kuɗinsu. Na zaunar da Gwaggo a kan kaya a gindin wata bishiya, na shiga layi.

Da na iso taga, na yage salatif ɗin. Takardu ne korra, masu hoton tsuntsu, a jere tsaf. Na ƙirga na mutum biyu na tura.

Ma'aikaciyar ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu, ta kalle ta, ta kalle ni, ta turo mini abina.

Na yi mata magana da harshensu, wanda shi na karanta shekara huɗu a jami'a. Na ce ko bai cika ba ne?

"Mai bi!" kawai ta ce.

Wata mata mai jiki da ke bayana, wadda na ji ana kira Mai Kwano saboda fataucin kwanonin abinci da take yi, ta leƙo hannuna.

"Wayyo 'yar nan! Wa ya ba ki mushe?"

"Mushe?"

"Haka muke kiransu a nan. Masu tsuntsun nan an kashe su tun bara. Yanzu sai masu zaren azurfa." Ta zaro ɗaya daga lalitarta ta nuna mini. "Ko mai ruwan leda ba zai karɓi naki ba. A hannun wa kika yi canji?"

"Wani ne… maƙwabcin babana. Sana'arsa ce."

Ta riƙe haɓa. "Sana'arsa? To ki ji. Mahauci ba ya kasa bambance mushe da yankakke, ko a duhu ne."

Na koma gindin bishiya. Ban iya yi wa Gwaggo dogon bayani ba. Cewa kawai na yi, "Sun ƙi karɓa."

"Sun ƙi? Kuɗin ne suka ƙi? Mun shiga uku!" Ta laluba wayarta. Kafin in hana ta, ta riga ta kira Ɗan Canji. "Ɗana, kuɗi sun ƙi! Ga mu a daji kamar awakin da suka ɓata!" Ta saurara, fuskarta ta washe. "Allah ya yi maka albarka."

Ta kashe wayar. "Kin ga ikon Allah? Wai wata harka ta kawo shi nan kusa. Ga shi nan tafe, zai mayar da mu gida."

"Gwaggo, ba zan koma ba."

"Ba za ki me ba?"

Hawayen da nake riƙewa tun daga taga suka ɓalle. Na durƙusa a gabanta, na riƙe gefen zanenta.

"Kin ji abin da Baba ya ce. In na juya daga nan, shi ke nan. Ban ce lallai Injiniya yana da gaskiya ba, Gwaggo. Wataƙila ya yi auren. Amma in gani. Mutumin da ya taka daga bakin kasuwa zuwa jami'a cikin ruwan sama don ya kawo mini littafin da na manta a wurin aikinsa, ba zan binne shi da labarin wani ba."

"Littafi! Ana cin littafi ne?" Ta goge mini fuska da bakin mayafinta, da ɗan ƙarfi. "Ke yarinya ce. So ba ya biyan kuɗin mota. Ga shi kin gani da idonki, ko ƙofa ba ta buɗe mana ba. Wani abin in ya ƙi, alama ce."

"Alama ce ta wa, Gwaggo?"

A daidai lokacin wata mota ta tsaya a gabanmu. Ko minti goma sha biyar ba a yi da kiran ba.

Ɗan Canji ya fito yana gyara hula, ƙurar hanya ta rufe gilashin bayansa.

"Subhanallahi! Gwaggo, sannunku. Malama, daina kuka, ai ga ni." Ya miƙo hannu. "Kawo mushen in gani. Yaran shago ne, wallahi ba sa lura."

Na tsaya cak. Kukan ya ɗauke.

Ban taɓa kallon namiji ido cikin ido ina magana ba, in ba Injiniya ba. Ranar na kalla.

"Wa ya ce maka mushe ne?"

"Iye?"

"Ka ce in kawo mushen. Wa ya gaya maka?"

"Ai Gwaggo ce ta faɗa a waya."

"Ni?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ni cewa na yi kuɗi sun ƙi. Wane mushe kuma? Nama muka zo saye?"

"Gwaggo ba ta san kalmar ba," na ce. "Ni ma ban san ta ba sai ɗazu a bakin taga. Kuɗi suna iya ƙi don ba su cika ba. Suna iya ƙi don sun yage, ko jabu ne. Kai ba ka tambaya ba. Kuma awa tara ce tsakanin nan da shagonka."

Sai na juya na yi wa Gwaggo bayanin masu tsuntsu da masu zaren azurfa, kamar yadda Mai Kwano ta yi mini. Tana ji tana kallonsa. Ita kanta Mai Kwano ta matso da wasu mata biyu, sun harɗe hannu.

Ya yi 'yar dariya, ya rage murya. "Malama, bar wannan. To a ce ma na yi. Don wa na yi? Kare ki nake daga abin da zai karya miki zuciya. Me za ki tarar a can in ba wulaƙanci ba? Shiga mota. In kuma dole sai kin je…" Ya zaro damin sababbin takardu daga aljihu, zaren azurfarsu yana ƙyalli a rana. "Ga shi. Ki dai yi mini alkawari a gaban Gwaggo, duk abin da kika gani, ni ne."

"Ashe kana da yankakke a aljihu," in ji Mai Kwano, "ka ba marainiyar Allah mushe!"

"Ba marainiya ba ce, da ubanta," Gwaggo ta katse ta. Ta fizge ambulan ɗin daga hannuna, ta cusa shi a ƙugu, ta ƙulle da bakin zane. "Wannan kuma ni zan riƙe. Kai kuwa, atamfar da ka kawo mini tana nan ban ɗinka ba."

"Gwaggo, ki yi tunani. Ƙarfe uku ta wuce. Da me za ku shiga?" Ya koma ya jingina da motarsa. "Ina nan. Biyar za ta yi."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya rage mana na kuɗinmu ko mutum ɗaya ba zai shigar ba, in ma an canza. Gwaggo ta fara taɓa 'yan kunnenta. Na girgiza mata kai.

Idona ya sauka a kan takardar da ke hannun Mai Kwano. Takardar shiga ce, wadda dole kowa ya cike da harshensu kafin hatimi. Ni da kaina na cike namu a tsaye. Tata kuwa an ja mata jan layi.

"Sau biyu ke nan suna dawo mini da ita," ta ce. "Tsohon can ne mai rubutawa, kuma kowane zuwa sai an biya."

Na duba. A bakin rumfa wani dattijo yake zaune a bayan ƙaramin tebur, tabaransa ɗaure da zare, mutum kusan arba'in sun yi masa rumfa. Na sake duba takardar. An sauya tsarinta, gurbin sunan mahaifi ya koma sama, na mai takarda ya dawo ƙasa. Shi kuwa hannunsa ya saba da tsohuwar, yana cikewa yadda ya yi shekaru yana yi.

"Kawo fasfonki," na ce.

Na karɓi sabuwar takarda, na ɗora a kan jakata na cike. Ta tafi taga. Minti biyu sai ga ta tana ɗaga fasfo sama.

"Ya shiga! Jama'a, ga mai ilimi nan! Bugu ɗaya!"

Kafin in ankara an kewaye ni. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Na hango dattijon ya ɗago, yana kallon layinsa yana tsiyayewa. Abincinsa ne. Na ratsa mutane na je na rusuna a gabansa.

"Baba, sannu da aiki. Sun juya takardar ne, duba nan." Na nuna masa. "Ka ara mini gefen teburinka. Abin da aka samu, mu raba biyu."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallon gurbin.

"La'ilaha! Tun safe nake zagin matar can a zuci, ashe ni ne." Ya matsa mini a benci. "Zauna, 'yata. Rubutunki ya fi nawa sauri?"

"Za mu gani, Baba."

Gwaggo ta naɗa kanta mai tsaron layi. "Ku bi a hankali! Jami'a ta yi, ba a kan titi ta tsinci biron ba! Kai mai buhu, koma baya. Kuma mai zare za ku bayar, wanda ya kawo mini tsuntsu zan sa shi ya tashi da shi!"

Na rubuta. Sunan mahaifi, suna, sana'a, inda za a sauka. Direbobi, 'yan kasuwa, wata mata mai kai mijinta asibiti, wani tsoho da bai san shekarar haihuwarsa ba sai da muka lissafa daga fasfo. Biro ya ƙare, dattijon ya ba ni nasa. Yatsana ya yi kanta. Duk lokacin da na ɗago, Ɗan Canji yana nan jikin mota yana duba agogo.

Biyar saura kwata dattijon ya zube abin da ke cikin gwangwaninsa, ya raba. Na ƙirga rabona. Ya biya shigar mutum biyu, amma kuɗin motar can bai cika ba.

"Mota kuma tawa ce," in ji Mai Kwano. "Na yi shatar akori-kura saboda kaya. In ba ku ƙi zama da kwanoni ba."

Ma'aikaciyar tagar ta karɓi kuɗin, ta duba takardunmu, ta kalle ni ta saman gilashinta. "Ke ce kika rage mini ciwon kai yau?" Ta buga hatimi. Sau biyu.

Muna nufar ƙofa, mai gadi ya riga ya kama sarƙa. Ɗan Canji ya biyo mu da sauri.

"Malama! Za ki yi da-na-sani!"

Ban juya ba. Gwaggo ce ta juya.

"Ka gaida gida. Ka tuƙa a hankali, ka ji, kada ka zama abin da ka ba mu."

Awa biyu muka yi a bayan akori-kura, kwanoni suna kiɗa a kunnenmu. A nan ne tsoro ya dawo mini. Na ci ƙofa, amma me ke bayanta? Gwaggo ta lura. Ta kama hannuna da ya sha rubutu ta riƙe.

Rana tana shirin faɗuwa aka sauke mu a ƙofar gidan ɗinkin. Na nuna wa mai gidan katin, na kwatanta wanda nake nema. Ya kalle ni da mamaki, ya nuna wani ɗan ɗaki a bayan gini.

Ƙofar a buɗe take. Yana zaune a kan tabarma, kan keken ɗinki a cinyarsa, ƙafarsa ta dama a miƙe cikin farin ɗaurin asibiti tun daga gwiwa har idon sawu. Sanduna biyu jingine da bango. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ɗago. Sukudireba ya faɗi daga hannunsa.

"Malama?"

Na kasa shiga. Duk kalmomin da na tara a hanya suka gudu.

"Kin samu saƙona ke nan," ya ce. "Na ce ki yi haƙuri, ban ce ki taso ba. Mota ce ta buge ni, wayar ta niƙe, lambar Umma tana ciki. Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta miki."

"Ta hannun wa?" na tambaya, ko da yake na riga na sani.

"Wakilin maƙwabcin Baba, mai canji. Ta nan nake aika wa tsohuwata kuɗi. Ya ce hannu da hannu ake ba ki."

Sai a lokacin na zauna a bakin ƙofa na yi kukan da na ajiye tun bakin iyaka. Shi ma ya juya fuska bango.

Gwaggo ta tsallake ni ta shiga, ko sallamar kirki babu.

"Ina matar?"

"Wace mata, Gwaggo?"

Ba ta kula shi ba. Ta ɗaga labule. Ta leƙa bayan ƙofa. Ta buɗe tukunya ta rufe da sauri. Kofi ɗaya, cokali ɗaya, riga a rataye ba maɓalli biyu.

"Kai," ta ce tana toshe hanci, "mutum yana zaune cikin teloli ya rasa mai sa masa maɓalli? Ɗakin da mace ta taɓa takawa ba ya wannan warin."

Ta fito tsakar gida, ta miƙa wa mai gidan hannu alamar waya, don layinta ba ya aiki a ƙasar. Ya ba ta. Ta karanto lambar Baba da ka, na danna mata. Da ɗaya hannun ta dafe ƙugunta, inda ambulan yake.

Ya yi ƙara sau uku. Na ji muryar Baba, da surutun labarai a bayanta.

"Ƙanina," in ji Gwaggo, "kashe rediyon nan ka saurare ni. Mun gan shi. Kuma ka gyara zama, ina tafe maka da tsaraba daga maƙwabcinka."